Wakilin AI zai duba min balans ɗin walet, amma ana neman makullin sirri: in saka?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, kuma ina son amsar waɗanda suka san abin kafin in taɓa komai. Kun san harkata P2P ce, wato cinikin kirifto mutum da mutum, USDT nake saye ina sayarwa, kuɗin nan na kirifto da ke bin darajar dala. Kuɗin a warwatse suke: wasu a Trust Wallet kan Tron, wasu a MetaMask kan BNB Chain, ragowar a kasuwar kirifto ta Bybit. Kullum da dare sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina haɗa lissafi. To na ci karo da wata manhaja da ake jona wa wakilin AI, irin waɗanda ake kira sabar MCP, wai sai dai ka rubuta masa "nawa ne a walet ɗina?" ya je ya dubo ya faɗa maka. Na sauke ta a kwamfuta. A wajen saiti akwai gurbi biyu, na adireshi da na makullin sirri. Na cike na farko, na tsaya a na biyu. In saka ko kada in saka?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Kada ka saka.

Injiniya: Wa alaikumus salam Abba. Kada ka saka, ga kuma dalili, don kada gobe wata manhajar ta zo maka da wani salo. Duba balans karatu ne kawai. Bulokcen littafi ne a buɗe, duk wanda yake da adireshinka zai iya ganin abin da ke ciki ba tare da ya nemi izininka ba, ko kuɗin gas, wato ladan da ake biya in za a tura kuɗi, ba a biya a kan haka. Makullin sirri, ko kalmomin nan 12 ko 24, aikinsu ɗaya ne tak: sa hannu a fitar da kuɗi. Duk manhajar da ta ce sai da su za ta iya faɗa maka balans, ko dai an gina ta ne ta yi har da tura kuɗi, ko kuma mai ita yana da wata manufa. A duka biyun ba ka buƙata. Bar gurbin a fili ka gwada. In ta ƙi tashi sai da makulli, goge ta ka nemi wata.

Maman Hanan: Injiniya don Allah a sauko da mu ƙasa kaɗan. Mene ne MCP ɗin, kuma ina bambancin "wakili" da ChatGPT da muke hira da shi?

Injiniya: Hajiya, wanda kike hira da shi magana kawai yake mayar miki daga abin da ya koya. Bai san abin da ke cikin walet ɗinki yanzu ba, kuma ba shi da hanyar sani. Wakili shi ne AI ɗin da aka ba kayan aiki: in kika tambaye shi, sai ya kira wata ƙaramar manhaja, ita ta je ta tambayo bulokcen, ta dawo masa da lamba, shi kuma ya jera miki ita cikin magana. MCP tsari ne na yadda ake jona irin waɗannan kayan aikin. Kamfanin Anthropic ne ya fito da shi a Nuwamban 2024, a 2025 OpenAI ma suka karɓe shi, shi ya sa kike ganin irin waɗannan manhajojin sun yi yawa yanzu. Kuma kowa na iya rubuta tasa ya ɗora a intanet. Nan gizo ke saƙar.

Ɗan Kwari: Ni fa har yanzu ban ga amfanin ba. Abin da zan buɗe Tronscan, shafin binciken Tron, in liƙa adireshi in gani da idona, me ya kai ni in sa wani a tsakani? Kowane hannu da ka ƙara tsakaninka da kuɗinka, ƙofa ce ka ƙara buɗewa. Mu dai muna son sabon abu ne kawai.

Maman Hanan: A'a Alhaji, kai walet ɗaya gare ka shi ya sa. Ni kwastomomina na Yamai da Maraɗi da USDT suke biyan kuɗin atamfa, ni kuma da shi nake biyan masu kaya a Guanzu. Adireshin karɓa daban, na ajiya daban, na yaran shago daban. In akwai abin da zai haɗa min su duka da safe ya ce ga abin da ya shigo jiya, ga abin da ya rage, wallahi ina so. Ba son sabon abu ba ne, ido ne yake gajiya, kuma gajiyayyen ido shi ke kuskuren lamba.

Abban Sadiq: Na bar gurbin a fili kuma ta tashi. Amma ga sabuwar magana. Na ba shi adireshina na Tron, ya ce min abin da ke ciki TRX ne kaɗan, babu komai bayan shi. Alhali ina kallon USDT ɗina a waya.

Injiniya: Kuɗinka na nan, kwantar da hankalinka. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata kowa ya gane. A kowane bulokcen akwai kuɗin gida: TRX a Tron, ETH a Ethereum, BNB a BNB Chain. Shi ne ake karantawa kai tsaye daga adireshi. USDT kuwa ba a cikin adireshinka yake zaune ba. Yana cikin kwantiragin Tether, kamfanin da ke fitar da shi, wato wata manhaja a kan bulokcen da ke riƙe da jerin wane adireshi ke da nawa. Kafin a san USDT ɗinka sai an tambayi wannan kwantiragin. Manhajoji da yawa suna da kira biyu, ɗaya na kuɗin gida, ɗaya na tokin, wato kuɗi irin USDT da ke cikin kwantiragi. Wakilinka na farkon ya kira ya tsaya. Ka ce masa a fili: "duba min USDT na TRC-20, wato na Tron, a wannan adireshin."

Abu na biyu, tunda ka ambaci MetaMask. Adireshin da ya fara da 0x iri ɗaya ne a Ethereum, BNB Chain, Polygon, Base da Arbitrum, amma balans ɗin kowanne daban. In ba ka faɗi layin ba, wato wane bulokcen kake nufi, yawancinsu Ethereum za su duba, su ce maka sifili.

Abban Sadiq: Na Tron ya fito daidai yanzu. Na BNB Chain kuma ya ba ni wata lamba mai sifilai da ban iya ƙirgawa ba.

Injiniya: Yawwa, mun zo wurin da na fi jin tsoro, don shi ba ya ihu. Bulokcen ba ya ajiye ɗigo a lamba. Komai da ƙaramin ma'auni ake rubuta shi, sai manhaja ta raba. ETH ɗaya 1 ne da sifili 18 a bayansa. Bitcoin ɗaya satoshi miliyan 100 ne. USDT a Tron da Ethereum gurbi 6 gare shi, wato USDT 250 za a rubuta shi 250000000. Amma USDT ɗin da ke BNB Chain gurbi 18 ne. In manhajar ta ɗauka duk USDT gurbi 6 ne, mai 250 a BNB Chain za a ce masa yana da tiriliyan 250. In ta yi akasin haka, mai dubbai a Tron za a nuna masa abin da bai kai sisi ba.

Irin wannan kuskuren mai sauƙin kamawa ne, don lambar tana fita daga hankali. Wanda ya fi haɗari shi ne in manhajar ta miƙa wa AI ɗin ɗanyar lamba ta bar shi ya raba da kansa. Zai iya zame sifili ɗaya, 4,500 ta koma 450 ko 45,000, kuma zai faɗa maka ita cikin natsuwa da tsararriyar Hausa. Manhaja mai kyau ita ke tambayar kwantiragi adadin gurbinsa, ta yi rabon da kanta, AI ɗin ya karanto kawai.

Ɗan Kwari: Kun ji ko? Abin da na faɗa ke nan. Tronscan bai taɓa zame min sifili ba.

Malamin Lissafi: Alhaji kana da gaskiya a nan, amma ba duka ba. Shafin bincike ma yana ruɗar mutane, ta wata fuskar. Mutane nawa aka nuna wa "USDT" a walet ɗinsu suka saki naira, daga baya aka gano tokin bogi ne? Kowa na iya ƙirƙirar tokin ya sa masa suna USDT, ya tura maka miliyan. Masu tallar abin da suke kira flash USDT da wannan suke cin mutane. Suna ba hujja ba ne, adireshin kwantiragi shi ne hujja. A nan wakilin da aka saita da kyau zai iya fin ido, in an ce masa kwantiragin USDT na gaskiya kaɗai zai ƙirga, duk wani abu kuma ya jera shi gefe kada ya sa a jimla. Ido yana ganin tambari kore ya yarda. Manhaja harafi da harafi take gwadawa.

Ɗan Kwari: In an saita da kyau. Wa zai saita? Hajiya ce za ta saita?

Maman Hanan: Me zai hana, in an nuna min? Da can ma ai ba a haife mu da Trust Wallet ba.

Ƙanin Admin: Yaya Injiniya ni tambayata daban. Tunda adireshi kawai ake bayarwa, ke nan babu wani haɗari? Ai kamar lambar asusun banki ce, kowa na ba da tasa, PIN ne ba a bayarwa.

Injiniya: Ƙanina, rabin kamancen ya yi, rabi bai yi ba. Wanda ka ba lambar asusunka na banki zai iya turo maka kuɗi, amma ba zai ga abin da ke ciki ba. Wanda ka ba adireshin walet zai ga nawa kake da shi, daga ina ya zo, ina ka tura, tun ranar da aka buɗe shi. Abin da ke kare ka kawai shi ne ba a san adireshin na wane ne ba. To ranar da ka rubuta wa wakili "ga walet ɗina guda huɗu", a cikin asusun da ke ɗauke da imel ɗinka da lambar wayarka, ka haɗa su da sunanka da hannunka. Kamfanin AI ɗin ya gani. In sabar MCP ɗin a kwamfutar wani take gudana, mai ita ya gani. Kamfanin da ake bi ta wajensa a tambayi bulokcen shi ma ya ga adireshin tare da lambar intanet ɗin da tambayar ta fito. A Nuwamban 2022 an yi ta cece-kuce lokacin da ConsenSys, masu MetaMask, suka bayyana cewa Infura, hanyar da MetaMask ke bi ya tambayi bulokcen, na karɓar irin waɗannan bayanan.

Kuma kada mu ɗauki wannan da wasa. A Janairun 2025 an sace ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Ledger, masu ƙera na'urar ajiye kirifto, a Faransa, aka nemi fansa da kirifto. Mu da muke zaune inda muke zaune, ba sai an yi mana bayanin abin da ke biyo baya ba in aka san nawa mutum yake da shi.

Maman Hanan: Innalillahi. To ni da nake son a haɗa min duka fa?

Injiniya: Ki ba shi na shago, waɗanda dama kwastomomi sun san su. Na ajiya kada ya shiga cikin hirar ko sau ɗaya. Shi ba kullum ake duba shi ba, kuma in za ki duba, ki duba da kanki. Masu Bitcoin kuma ku kula da abin da ake kira xpub. Walet ɗin Bitcoin yana sauya adireshi, shi ya sa wasu manhajojin ke neman xpub don su haɗa jimla. Ba a iya fitar da kuɗi da shi, amma yana tona duk adireshin da ke ƙarƙashin wannan asusun, na baya da na gaba.

Abban Sadiq: Na Bybit fa? Shi ba adireshi ba ne.

Injiniya: Shi a littafin kamfani yake, ba a bulokcen ba, don haka sai da makullin API, wato makullin da ke ba wata manhaja izinin shiga asusunka. In za ka yi, ka ƙirƙiri na karatu kaɗai, ba ciniki, ba cirewa, ka kuma ɗaure shi da lambar intanet ɗin na'urarka. A Disamban 2022 kamfanin 3Commas, masu bot ɗin ciniki, ya tabbatar da cewa makullan API na masu amfani da shi sun fita. Ɓarayin ba sai sun cire kuɗi kai tsaye ba, izinin ciniki ya ishe su: su sa asusunka ya sayi wani tokin mara daraja da tsada daga hannunsu. Don haka "ai ban ba da izinin cirewa ba" bai wadatar ba.

Admin: Ina bin ku tun ɗazu. Bari in ƙara abu ɗaya da nake ganin ya fi duk waɗannan shafar gidan nan. Lamba a allo ba kuɗi ba ce. A Afrilun 2025 da CBEX ta rufe, mutane suna kallon balans ɗinsu yana hawa a shafi har zuwa ƙarshe, kuma da sunan AI aka tallata musu ita, wai na'ura ce ke yin cinikin. Lambar da suke gani kamfanin ne yake rubuta ta. Yanzu kuma ga zamanin da mutum zai ce "AI ɗina ya duba ya tabbatar". Ya duba a ina? In manhajar da aka jona masa ta ɗan damfara ce, abin da ɗan damfarar ya rubuta shi zai karanto maka. Musamman ku 'yan mainin da kuka shigo ta Notcoin da Hamster da Pi: duk bot ɗin Telegram da ya ce kawo kalmominka 24 in duba maka balans ko in buɗe maka wanda aka kulle, ɓarawo ne. A gidan nan duk wanda ya turo irin wannan mahaɗin zan cire shi ba tare da gargaɗi ba.

Malamin Lissafi: Allah ya saka, Admin. Ko a bulokcen na gaskiya ma, akwai balans ɗin da ake gani amma ba a iya taɓawa. Tether na iya daskarar da adireshi, USDT ɗin ya ci gaba da bayyana amma ba ya fita. A Tron kuma ana iya sauya izinin asusu a mayar wa wani makulli daban. Irin walet ɗin da ake jefa kalmominsa a ƙarƙashin bidiyo, wai "ina da USDT a ciki, ku taimaka min in cire", haka yake: za ka ga kuɗin, ka tura TRX na gas, a kwashe, USDT ɗin kuma ba zai motsa ba. Wakilin da balans kawai ya iya dubawa zai ce maka kuɗi na nan, kuma bai yi ƙarya ba.

Ɗan Kwari: To Abba, kai da kake P2P, ka ji da kyau. Kada ka saki naira don wakili ya ce balans ya ƙaru.

Abban Sadiq: Wannan kam ba zan yi ba. TxID, lambar shaidar turawa, nake karɓa in duba da kaina. Tron daƙiƙa 3 ne kowane bulok, jiran minti ɗaya ya tabbata ba ya kashe ciniki. Wakilin don lissafin dare nake son sa.

Ƙanin Admin: Amma fa ni ina ganin nan gaba dole a ba su makullin. Coinbase ai sun fitar da AgentKit don wakili ya riƙe walet ya biya da kansa. In muka tsaya a "duba kawai", za a wuce mu.

Injiniya: Su ma ba walet ɗin ajiyarka suke cewa ka miƙa ba. Sabon walet ake buɗe wa wakilin, a zuba masa abin da in ya ɓata ba za a yi kuka ba, a sa masa iyaka. Dalilin da ya sa na dage kuwa shi ne AI yana iya ɗaukar rubutun da ya tsinta a hanya a matsayin umarni. Ka ce masa ya jero tokin ɗin da ke walet ɗinka. Wani ya riga ya turo maka tokin kyauta, a wurin sunansa ya rubuta adireshin wani shafi ko wani umarni, wai a tura kaza zuwa kaza don karɓar kyauta. Wannan rubutun zai shiga idon wakilin tare da amsar. In karatu kawai ya iya, iyakarta ya maimaita maka shirme. In yana da makulli, magana ta canza.

Haka gurɓata tarihi. Ɓarawo yana ƙirƙirar adireshi mai farko da ƙarshe irin na wanda ka saba tura wa, ya sa ya bayyana a tarihinka. A Mayun 2024 wani ya tura WBTC (tokin da ke wakiltar Bitcoin) 1,155, kimanin dala miliyan 68 a lokacin, zuwa irin wannan adireshin. Shi an dawo masa da kuɗin daga baya, amma ba kowa ke samun haka ba. Yanzu ka ce wa wakili mai makulli "tura wa wanda na tura wa jiya", ya je tarihi ya ɗauko.

Ƙanin Admin: Ai shi zai iya gwada haruffan duka, ya fi mutum.

Injiniya: Zai iya, in akwai jerin adireshin da ka amince da su da zai gwada da shi, kuma manhaja ce ke tilasta hakan, ba alkawarin AI ɗin ba. Ban ce har abada ba. Na ce ba da walet ɗin da jarin Abba ke ciki ba, kuma ba da manhajar da ya sauke yau ba.

Maman Hanan: Wata fa'idar da na hango: lokacin fitar da zakka. In shekara ta zagayo ina son jimlar ranar, da darajarta a naira.

Malamin Lissafi: Zai taimaka wajen tattarawa, Hajiya. Sai dai farashin naira ki ba shi da kanki, wanda ake ciniki da shi a ranar, don in kika bar shi zai iya kawo tsohon farashi daga abin da ya koya. Ɗaya bisa arba'in kuma ki buga a kalkuleta. Hukuncin nisabi da abin da ake haɗawa da kayan shago, wannan na malamai ne, ki kai musu.

Abban Sadiq: Wani abu da na lura yanzu: na sake tambayarsa bayan na tura wa wani USDT, ya maimaita min lambar ɗazu.

Injiniya: Bai sake kiran manhajar ba, daga hirar ya ɗauko. Rubuta masa a cikin umarninsa na dindindin cewa duk tambayar balans sai ya yi sabon kira, kuma kowace amsa ta zo da sunan layi, adireshin kwantiragi, lambar bulok da lokaci. In kiran ya gaza, ya ce ya gaza, kada ya cike da ƙiyasi. Yawancin manhajojin hira suna nuna alamar an kira kayan aiki, ka riƙa buɗe ta kana ganin ɗanyar amsar. In babu alamar, lambar ba daga bulokcen ta zo ba.

Ɗan Kwari: Ni dai ina nan a Tronscan ɗina. Amma Abba, in ka yi wata guda kana gwada lissafinsa da na hannunka, ka dawo ka faɗa mana ko sun taɓa saɓawa. In ba su saɓa ba zan sake tunani.

Abban Sadiq: In sha Allah zan kawo. Na cire adireshin ajiya daga saitin, na bar na ciniki biyu, Bybit kuma zan ci gaba da duba shi da hannu tukuna. Injiniya, wannan manhajar da ta kasa raba lambar BNB Chain, gyara ta ake yi ko in nemi wata?

Injiniya: Turo min sunanta ta akwatin sirri in karanta yadda aka rubuta ta da daddare. Ina son in ga inda take aika adireshin da aka ba ta, da kuma abin da take yi da gurbin makullin nan in an cike shi. Kafin nan ka kashe ta.